Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955), Madugun da Ya Tara Arzikin Mutane

Ranar da gari ya taru don tunawa da cikar sarautarsa shekara ɗari, rana ce ta waiwaye. Ana ƙirga sarakunan da suka shuɗe, ana ambaton alherinsu, kuma ya dace a tuna cewa shugabanci a ƙasar Hausa bai taɓa tsayawa a ƙofar fada kaɗai ba. Akwai sarkin noma a gona, akwai sarkin ruwa a bakin gulbi, akwai sarkin kasuwa ranar cin kasuwa, akwai kuma madugu a kan hanya. Cikin waɗannan shafuna za mu kawo tarihin wani ɗan madugu, marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya tashi maraya, ya rasu ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma.

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo Bakano cikin littafin bikin Bengu? Hanya ce ta kawo shi. Tun kafin a ja iyakokin da suka raba Nijar da Najeriya da Binin, ƙasarmu ta Dandi tana bakin babbar hanyar goro. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, su yada zango a Jega, su ƙetare kogin Kwara ta Yawuri ko Ilo ko Gaya, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Gishirin Foga, wanda kakanninmu ke dafawa, yana cikin hajar da ke yawo a kasuwannin wannan yanki, har ma Bajamushen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarimu, ya rubuta labarin masu dafa shi sa'ad da ya ratsa kwarin Foga a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sayi. Saboda haka tarbiyyar da ta gina Ɗantata ba baƙuwa ba ce gare mu. Ƙurar ayarin da ya koyi sana'a a cikinsa ta sha tashi a kusa da gonakin kakanninmu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Danginsa Agalawa ne, ɗaya daga cikin jama'u uku da suka yi suna wajen fataucin goro, sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa na danganta asalinsu da ƙasashen Abzinawa, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa a harshe da al'ada, suka riƙe fatauci sana'ar gado. Kakansa, wanda ake kira Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya sauko da iyalinsa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jan ayari zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma mai dukiyar kanta ce, tana fatauci da jarinta.

Wajen 1885 Allah ya yi wa Madugu Abdullahi rasuwa, Alhassan bai wuce shekara takwas ba. Aka raba gado bisa shari'a, amma yaran ba su isa riƙe dukiya ba, balle jan ayari. Amarya ta yi shawarar komawa Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yau, inda take da harkokinta, ta bar ƴaƴanta a hannun wata tsohuwa baiwar gidan mai suna Tata. Ita ta rene shi, ita ta ci da shi ta sha da shi, har mutanen gari suka riƙa ce masa ɗan Tata. Sunan da yau ke rubuce a jikin kamfanoni da manyan gine-gine, sunan wata baiwa ce da ba ta mallaki ko kanta ba. Duk mai son fahimtar wannan bawan Allah, to daga nan zai fara.

Aka sa shi makarantar allo a Bebeji. Ɗan rabon da ya samu na gado bai daɗe ba, sai ya zama yana karatu yana neman abin da zai ci kamar sauran almajirai. A nan ne Tata ta koya masa ajiya. Ta nuna masa asusu, ɗan tulun yumɓun nan mai ƙaramin baki wanda abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa. Kowace rana in ya samu wuri biyar, sai ya jefa wani abu ciki kafin ya taɓa sauran. Wannan ɗabi'a ba ta rabu da shi ba har ya tsufa.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi ƴar haja a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wata a hanya, ya ƙarasa da saura a Ankara. Yana zaton zai tarar da hutu a gidan uwa mai arziki. Amarya kuwa ba ta shagwaɓa shi ba, ta miƙa shi ga wani malami ya ci gaba da karatu, yana yi wa malamin hidima yana neman na kansa. Bayan wani lokaci ya komo Bebeji da ilimi biyu, na allo da na hanya.

Makarantar ayari

Ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi abin da ake nufi da ayari, domin matasanmu da suka tashi zamanin mota ba su san shi ba sai a baki. Ayarin Gwanja gari ne guda mai tafiya. Yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, maza da mata, da jakuna da alfadarai da takarkarai. Suna ɗauke da baƙin yadi da turkuɗi na marinar Kano, da kanwa, da jan fata, da tozali, da busasshiyar albasa. Su komo da goro, wanda ake ƙirgawa ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari, a naɗe shi cikin ɗanyen ganye. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa, don haka sai an riƙa kwance shi a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Zuwa da komowa na cin watanni da yawa, wani lokaci har shekara ta zagayo.

Shugaban wannan tafiya shi ne madugu. Yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin zango, yana da uban dawaki mai taimaka masa wajen tara kuɗin hanya, yana da malami mai rubutu da lissafi da zaɓen ranar tashi. Madugu ne ke shiga gaban kowane sarki a yi cinikin kuɗin da ayari zai biya kafin ya wuce, shi ne ke daidaitawa da masu fito a bakin kogi, sa'an nan a raba nauyin bisa yawan kayan kowa. In jakin talaka ya faɗi, madugu ne zai san yadda za a rarraba kayansa. In mutum ya rasu a hanya, madugu ne zai adana dukiyarsa har ya danƙa ta ga magada a gida. In rigima ta tashi, a gabansa ake kashe ta.

Abin lura shi ne, ba a tilasta wa kowa bin madugu. Falke na da ikon zaɓen ayarin da zai shiga. Madugun da ya ci amana ko ya jefa mutane cikin hatsari saboda gaggawar ribarsa, baɗi zai waiga ya ga babu kowa bayansa. Ikonsa duka a kan yardar mabiyansa yake, shi ya sa Hausawa suka kira shi uban tafiya. A can masauki kuma akwai fatoma, mai gidan da ke saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu in an ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Babu takarda mai hatimi tsakaninsu, babu kotun da ta haɗa Kano da Salaga. Suna mai kyau shi ne jingina. A cikin wannan makaranta Alhassan ya yi karatunsa na kasuwanci.

Jarrabawar basasa

A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur. Gidan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu, yaƙin da ake kira Basasar Kano ya tashi. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Garuruwan da aka ɗauka suna bayan Tukur sun sha wuya, Bebeji na cikinsu. Aka kama Alhassan tare da wasu ƴan'uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta daga bauta.

Ke nan kafin ya cika shekara ashirin ya ɗanɗani maraici, ya ɗanɗani almajirci, ya ga yadda rigimar masu mulki ke cinye dukiyar talaka cikin dare ɗaya. Ya sake farawa daga ƙasa. Mai duban rayuwarsa daga baya zai ga alamar wannan wahala a halinsa: bai yarda da almubazzaranci ba, bai kuma yarda ya zuba dukiyarsa duka a tukunya guda ba.

Daga bayan jaki zuwa jirgin ruwa

Lokacin da Alhassan ya koma fatauci, tsohuwar hanya ta fara sauyawa. Ingilishi sun karya ƙarfin Asante tun 1874, yaƙin cikin gida ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa wasu kasuwanni. A bakin teku kuwa sabon abu ya zo. Jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun a 1901, wani kuma ya haɗa Sekondi da Kumasi a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Jiragen ruwa masu tururi na kai da komo tsakanin tashoshin Gana da Ikko.

Fatake da yawa sun tsaya kan abin da suka gada, suna jiran zamani ya komo. Alhassan na cikin na farko da suka gane cewa goron da ke shafe watanni a bayan jaki zai iya isa Ikko cikin kwanaki ta ruwa, ya iso da ɗanyensa, asara ta ragu, jari ya juya sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ya riƙa zirga-zirga tsakanin Ankara da Kumasi da Sekondi da Ikko. Daga wajen 1906 ya ƙara da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya tattara hankalinsa kan Ikko da Kano.

Sai dai abin hawa kawai ya sauya. Tsarin yana nan yadda ya gada: a kowace tasha yana da mai masauki, yana da yaro amintacce, yana da abokin ciniki da ya san mahaifinsa. Daga bisani ya bar Bebeji ya kafa gida a birnin Kano, a unguwar Sarari kusa da Ƙoƙi, inda fili ne a lokacin. Matarsa Umma Zariya ta riƙe masa wani reshe na cinikin, domin ita ke iya shiga gidajen kulle ta sayar wa mata abin da namiji ba shi da hanyar kai musu.

Zamanin gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawan mulki auduga suke sa rai za ta cika taragu don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa, wato gujiya a bakin mutanenmu na nan, ta fi biya, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cinta, ga harawa don dabbobi. Cikin ƴan shekaru gyaɗa ta mamaye tashar Kano.

Kamfanonin Turawa sun zo da kuɗi da sikeli, sun kafa kantuna a bayan ganuwa kusa da tasha, amma ba su san ƙauye ba. Ba su san wane manomi ke cika alkawari ba, ba su san wane mai gari za a fara gaisarwa ba. Dole suka nemi tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu na Ƙoƙi da Maikano Agogo. Alhassan shi ma kamfanin Neja ya neme shi ya zama mai saya masa, kamfanin da a 1929 ya narke cikin babban kamfanin UAC. Da ya shiga, sai ya shigo da abin da babu Baturen da ke da shi: jama'a.

Ga yadda aikin ke tafiya. Kamfani ya ba shi kuɗi kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, kowanne da yankin da ya sani. Su shiga ƙauyuka da kuɗi da gishiri da yadi, su ba manomi abin biyan haraji ko na hidimar gida tun amfani bai nuna ba, bisa alkawarin zai kawo gyaɗarsa in ta yi. Da kaka jakuna da raƙuma su ɗauko buhuna zuwa sikeli. A kowane mataki amana ce ke riƙe da kuɗin, kamar dai yadda take a hanyar Gwanja. Zuwa farkon shekarun 1920 ana ganin babu ɗan kasuwar da ya kai shi a Kano. Buhunan da ke jiran jirgi aka riƙa jera su tsibi-tsibi masu tsini, waɗanda aka sani da dalar gyaɗa, har suka zama tambarin arzikin Arewa.

A cikin waɗannan shekaru ya sauke farali. Labarin da ya fi shahara game da dukiyarsa kuwa shi ne na 1929, sa'ad da ya kai ajiya bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma a Kano, wanda ya zama First Bank na yau: kuɗin azurfa ne, kayan raƙumi ashirin. Yaron da ya fara da asusun yumɓu ke nan.

Gaskiya ɗaya ce, kuma littafin tarihi ba wurin ɓoye ta ba ne. Wannan ciniki a ƙarƙashin mulkin mallaka aka yi shi. A Turai ake yanke farashi, kamfanonin Turawa ke kwashe kaso mafi tsoka, daga baya kuma hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Manomin da ya karɓi kuɗi tun damina ba shi da bakin yin ciniki da kaka, kuma da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1929 talakawa sun ji jiki ƙwarai. Ɗantata bai kafa wannan tsari ba, bai kuma rushe shi ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna ɗan ƙasa na iya tsayawa a tsakiyarsa da ƙafafunsa, ya sa wani kaso na ribar ya zauna a gida, ya zaga hannun mutane da yawa.

Yadda ya riƙe mutanensa

An san shi da sauƙin rayuwa. Bai ɗauki ado da shagali abin yi ba, yana duba lissafinsa da kansa, yana cin abinci tare da ma'aikatansa. Ba ya sakin jari ga mutum sai ya gwada shi. Yaro zai fara da ɗan aike, in ya dawo da canji daidai a ba shi ƙaramar haja, in ya juya ta a ƙara masa, har ya kai ga riƙe yanki guda. Wanda ya daɗe yana hidima, bisa al'adar gidajen fatake, ubangida ne ke tsaya masa wajen aure da muhalli, ranar da ya isa kuma a sallame shi da jarin kansa, ya zama abokin ciniki. Ta haka gida ɗaya ke haifar gidaje.

Wannan ita ce dangantakar ubangida da bara, wadda mu ma a Nijar muka sani sarai. Alhazan Maraɗi, waɗanda su ma da cinikin gyaɗa da yawansu suka tashi kafin a kafa kamfanin SONARA a 1962 da kuma bayansa, a kan wannan tsari suka ginu, har wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. A wurinsu ana auna attajiri da arzikin mutane kafin a auna shi da arzikin kuɗi: mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa, mutum nawa ya ɗaga, mutum nawa za su amsa in ya kira. Kuɗi na iya ƙonewa, kamar yadda na Bebeji suka ƙone a basasa. Mutanen da ka gina su ne jarin da ɓarawo ba ya ɗauka.

Tsarin yana da nasa nauyi a kan kowane ɓangare. Bara na bin ubangida da biyayya da riƙon sirri. Ubangida kuma ba shi da damar juya baya ranar da bara ya yi asara ba da gangancinsa ba, ko ranar da ciwo ya kwantar da shi. Attajirin da ke karɓar biyayya ba ya biyan nasa haƙƙi, sunansa kawai ya ara, ba madugu ba ne.

Attajiri da fada

Alhassan ya yi zamani da sarakunan Kano da dama, tun daga Bello da Tukur da Aliyu Babba, zuwa Abbas da Usman da Abdullahi Bayero, har farkon sarautar Muhammadu Sanusi. Bai nemi rawani ba, bai kuma yi gasa da masu shi ba. Ya san fada ce ke tsare kasuwa da hanya, fada kuma ta san kasuwa ce ke ciyar da gari. A ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka shigar da shi majalisar sarki, ya zama muryar ƴan kasuwa a wurin da a da sai masu sarauta da malamai ke zama.

A farkon shekarun 1950 yana cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa kamfanin ƴan kasuwar Kano, don ƴan ƙasa su iya shiga manyan harkoki da masana'antu waɗanda baƙi suka kankane. Tunanin ayari ne ya komo cikin sabuwar riga: abin da falke ɗaya ba zai iya ratsawa ba, taron fatake na ratsa shi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jikinsa, ya tara ƴaƴansa da manyan ma'aikatansa, ya yi musu wasiyya da zama tare, da riƙon zumunci, da kada su bari gidan ciniki ya watse bayansa. Shi da ya ga yadda dukiyar mahaifinsa ta narke bayan rabon gado, ya san abin da yake tsoro. Allah ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta 1955, aka yi masa sutura a gidansa na Sarari.

Wasiyyar ta kama. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi ya yi suna a cinikin gyaɗa da sufuri, ya rasu a 1997. Mahmudu ya shahara wajen jigilar alhazai. Aminu ya faɗaɗa harkokin gidan zuwa gine-gine da wasu fannoni, ya rasu a watan Yuni 2025, aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote, mai kamfanin siminti da matatar mai ta Ikko da aka ƙaddamar a 2023, ɗan Hajiya Mariya ne ƴar Sanusi, wato tattaɓa-kunnen Alhassan.

Dalar gyaɗa kuwa ta tafi. Farin shekarun 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin hukuma kan man fetur, su suka share ta daga filayen Kano. Goron Gwanja ya wuce, gyaɗa ta wuce, gidan yana nan, domin ba a kan haja guda aka gina shi ba.

Abin da ya shafe mu

Jama'ar Bengu, mu ma a bakin hanya muke zaune har yau. Ga kasuwar Gaya, ga Malanbil a ƙetaren gada, ga Kamba a gabas. Allah ya ba mu fadama mai ba da rake da dankali, ya ba mu giginya, ya ba mu gishiri. Amma sau nawa manominmu ke sayar da amfaninsa tun yana gona saboda buƙatar yini guda, ribar ta tafi wani gari? Sau nawa matashi ke karɓar jari ya ɓace, ya rufe ƙofa ga goma da ke bayansa? Sau nawa mai hali ke rasuwa, shekara ba ta zagayo ba an sayar da shagon an raba?

Maganin waɗannan ba sai an je nesa nemansa ba. Adashin da iyayenmu mata ke zubawa jikan asusun Tata ne. Ƙungiyar manoman da ke haɗa kaya su yi hayar mota guda, su yi ciniki da baki ɗaya, ayari ce, tana dai buƙatar madugun da zai fara tuna kayan mabiyansa kafin nasa. Fada kuma, wadda muke bikin cikarta shekara ɗari, ita ce inuwar da ake ƙulla irin wannan alkawari a ƙarƙashinta, ita ce wurin da mai cin amana ke jin kunyar a kira sunansa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya jiƙan fataken da suka kwanta a hanyar Gwanja ba a san kabarinsu ba, da sarakunanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ja zamanin mai martaba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a noma da kasuwa. Amin.